Makomar Tseren Keke na Ƙwararru Bayan Janyewar Babban Mai Ɗaukar Nauyi: Nazarin Ƙungiyar Holan daga Rabobank zuwa Jumbo

Tsakure

Wannan takarda ta nazarci abin da ke samun ƙungiyar ƙwararrun 'yan tseren keke na kan titi idan kamfanin da ke ɗauke da nauyinta ya janye. An ɗauki ƙungiyar ƙasar Holan wadda ta rasa bankin Rabobank a 2012, ta kuma rasa kamfanin Jumbo a 2023, a matsayin ginshiƙin nazari, aka gwada ta da wasu takwarorinta da suka shiga irin wannan hali. Nazarin ya nuna cewa yawan lashe tsere ba ya kare ƙungiya daga rushewa, domin abubuwan da ke yanke hukuncin rayuwarta duk a wajen fagen tsere suke.

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2023 ƙungiyar Jumbo-Visma ta yi abin da wata ƙungiya ba ta taɓa yi ba, ta lashe manyan tsere uku na duniya a kaka guda. Primož Roglič ya ci Giro d'Italia na Italiya, Jonas Vingegaard ya ci Tour de France na Faransa, Sepp Kuss ya ci Vuelta a España na Sifen, inda mutanen ƙungiyar suka kwashe na ɗaya da na biyu da na uku. A daidai wannan lokaci shugabanninta na ta faɗi-tashin neman wanda zai biya albashi, domin Jumbo, kamfanin manyan kantuna na Holan, ya riga ya sanar cewa zai zare hannunsa. Har an shiga tattaunawar haɗe ta da abokiyar hamayyarta Soudal-QuickStep ta Beljiyam kafin maganar ta watse.

Manufar takardar ita ce amsa tambayoyi biyu. Me ya sa ƙungiyar da ta fi kowa nasara za ta iya wayar gari ba ta da tabbacin gobe? Kuma idan haka tsarin yake, ina wasan ya dosa? Da'awar da za a kare ita ce, janyewar mai ɗaukar nauyi wani ɓangare ne na yadda aka gina wasan tun asali, saboda haka duk gyaran da bai taɓa hanyar samun kuɗin ƙungiyoyi ba, jinkirta matsalar kawai yake yi.

2.0 Bitar Ra'ayoyin da Suka Gabata

Ana iya kasa abin da aka rubuta kan wannan batu gida biyu. Kaso na farko ya ɗora alhakin gudun kamfanoni a kan shan ƙwayoyin ƙara kuzari. Wannan shi ne ra'ayin da ya fi yawa a jaridu, kuma yana da hujja: Liberty Seguros ya janye a 2006 bayan binciken shan ƙwaya na Operación Puerto a Sifen, ƙungiyar Phonak ta rufe a shekarar bayan an kama ɗan tserenta Floyd Landis da shan ƙwaya, T-Mobile ya bi sahu a ƙarshen 2007. Brewer (2002) ya juya maganar, ya nuna cewa shigowar manyan kuɗin kasuwanci tun daga shekarun 1980 ita ta sauya tsarin ƙungiyoyi, ta kuma buɗe hanyar mayar da shan ƙwaya aiki mai tsari a hannun likitoci. Rahoton hukumar bincike mai zaman kanta da hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta kafa, wanda ya fito a Maris 2015, shi ma ya taɓo rashin tabbas na kuɗi a cikin abubuwan da ke matsa wa 'yan tsere lamba.

Kaso na biyu ya dubi tsarin mulkin wasan. Morrow da Idle (2008) sun bi diddigin rikicin masu ruwa da tsaki bayan ƙirƙiro gasar ProTour a 2005. Rebeggiani da Tondani (2008) sun auna wannan gasa da ma'aunin tattalin arziki, suka nuna raunin da ke tattare da rufaffen rukuni. Littafin da Van Reeth da Larson (2016) suka tace shi ne ya fi tattaro batun kuɗi wuri guda, musamman dogaron ƙungiyoyi a kan tallan kamfanoni.

Giɓin da aka hango shi ne, yawancin waɗannan ayyuka sun tsaya ne a kan dalilin janyewa. Ba a cika bin ƙungiya guda daga ranar da aka bar ta zuwa ranar da ta farfaɗo ko ta mutu ba. Nan wannan takarda ta sa gaba.

3.0 Hanyar Gudanar da Bincike

An bi hanyar nazarin misali guda tare da kwatance. An zaɓi ƙungiyar Holan ne saboda ta rasa babban mai ɗaukar nauyi sau biyu bisa dalilai mabambanta, na farko a lokacin abin kunya, na biyu a ƙololuwar nasara. An dogara da sanarwar kamfanoni da ta ƙungiyoyi, da hukunce-hukuncen hukumar tseren keke ta duniya, UCI, da sakamakon tsere. Ba a yi amfani da alƙaluman kasafin ƙungiyoyi ba sai inda aka bayyana su a fili, domin yawancinsu kamfanoni ne masu zaman kansu da ba sa buɗe littafinsu.

Za a yi amfani da kalmomi uku na fannu. "Hayar suna" na nufin yarjejeniyar da kamfani ke biyan kuɗi a sa wa ƙungiya sunansa. "Kamfanin riƙo" shi ne wanda ke riƙe da lasisi da kwantiragin ma'aikata. "Wa'adin janyewa" kuwa shi ne tazarar da ke tsakanin sanar da tafiya da ranar da kuɗi zai tsaya.

4.0 Nazari

4.1 Asalin tsarin hayar suna

Tseren keke ya taso ne a hannun 'yan jarida da masu ƙera kekuna. Jaridar L'Auto ce ta ƙirƙiro Tour de France a 1903 don ta ƙara ciniki, ƙungiyoyin farko kuma na masana'antun keke ne irin su Peugeot da Alcyon. Da kasuwar keke ta ja baya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai aka nemi kuɗi daga waje. A 1954 ɗan tseren Italiya Fiorenzo Magni ya kawo kamfanin man shafawa na Nivea, daga nan ƙofa ta buɗe wa masu sayar da kofi da lemo da inshora. Tour de France, wadda ta koma amfani da ƙungiyoyin ƙasashe tun 1930, ta sake karɓar ƙungiyoyin kamfanoni a 1962.

Abin da aka gada daga wannan tarihi shi ne ƙungiyar da ba ta da komai na sayarwa sai sunanta da rigarta. Kwatanci da ƙwallon ƙafa zai fito da abin fili. Kulob ɗin ƙwallo na da filin wasa da kuɗin ƙofa, yana da kaso daga kuɗin talabijin, yana sayar da 'yan wasa, kuma sunansa na gari ne ko unguwa, wanda magoya baya ke gada daga iyaye. Ƙungiyar keke ba ta da ko ɗaya. Ana tsere ne a kan titin gwamnati, mai kallo ya tsaya a bakin hanya kyauta. Kuɗin haska tsere a talabijin na masu shirya tseren ne, kuma mafi girmansu, kamfanin ASO na iyalan Amaury, shi ke da Tour de France da Paris-Roubaix da Paris-Nice da Liège-Bastogne-Liège, shi ke kuma riƙe da Vuelta. Kamfanin RCS Sport na Italiya ke da Giro da Milano-Sanremo da Il Lombardia. Duk kyautar kuɗin da ake rabawa a Tour de France ba ta wuce kimanin Yuro miliyan 2.3 ba, wanda ya yi na ɗaya ya karɓi 500,000, kuma bisa al'ada a raba su tsakanin 'yan tsere da ma'aikata. Wannan ne ya sa kusan kashi 90 cikin 100 na kuɗin shigar ƙungiya daga masu ɗaukar nauyi yake fitowa. Karin maganar nan ta kura da shan bugu gardi da amsar kuɗi ba ta yi nisa da yadda ƙungiyoyi ke kallon matsayinsu ba, ko da yake masu shirya tsere na da tasu hujjar, wadda za a zo kanta.

4.2 Janyewar Rabobank, 2012

Rabobank ya fara ɗaukar nauyin ƙungiyar a 1996, kuma bai tsaya ga hayar suna ba. Bankin ya mallaki tsarin gaba ɗaya, tun daga matasa har ƙwararru, rigarsa mai ruwan lemo ta zama tamkar ta ƙasa. Alaƙar ta fara tsami a 2007, lokacin da aka kori Michael Rasmussen daga Tour de France yana sanye da rigar jagora mai ruwan ɗorawa, saboda ya ɓoye wa masu gwajin ƙwaya inda yake atisaye. Bankin ya daure shekara biyar. A ranar 10 ga Oktoba 2012 hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta Amurka, USADA, ta fitar da rahotonta kan Lance Armstrong, kwana tara bayan haka Rabobank ya sanar da janyewa bayan shekara 17, yana mai cewa ya daina yarda wasan zai iya tsabtace kansa nan kusa.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi muhimmanci ga wannan nazari. Bankin ya cire sunansa amma ya ci gaba da biyan kwantiragin da ya riga ya sa wa hannu. Ƙungiyar ta shiga kakar 2013 da sunan Blanco, ba tambarin kowa a ƙirji, a ƙarƙashin sabon kamfanin riƙo da Richard Plugge, tsohon ɗan jarida, ya jagoranta. Wannan wa'adi ne ya ba ta damar riƙe lasisinta da ma'aikatanta har kamfanin Belkin na Amurka ya shigo gab da Tour de France ta 2013. Belkin bai daɗe ba, ya tafi a ƙarshen 2014. Sai hukumar cacar ƙasa ta Holan da Jumbo suka karɓa a 2015, aka haɗa ta inuwa guda da wata ƙungiyar masu tseren kan ƙanƙara.

Kakar 2015 ta yi muni ƙwarai, tsere shida kacal ta ci. Rashin kuɗin sayen taurari ya tilasta mata neman waɗanda ba a san su ba da kuma zuba ƙarfi a kimiyyar horo da abinci. Ta ɗauko Roglič, tsohon mai tsallen kan ƙanƙara daga Sulobeniya, a 2016, ta ɗauko Vingegaard daga ƙaramar ƙungiya a Danmak a 2019. Roglič ya kawo mata Vuelta a 2019, Vingegaard ya kawo Tour de France a 2022. Ya kamata a lura cewa shekara goma aka ɗauka daga janyewar banki zuwa wannan matsayi, alhali kwantiragin hayar suna ba ya cika wuce shekara biyu zuwa uku. Ginin da ke buƙatar shekara goma ana yin sa ne da kuɗin da ba a da tabbacinsa bayan shekara uku, kuma wannan saɓani shi ne cutar wasan.

4.3 Janyewar Jumbo, 2023

Karo na biyu babu abin kunya a ɓangaren ƙungiya. An sami sauyin shugabanci a kamfanin Jumbo, sababbin shugabanni suka sake duba kuɗin da ake kashewa a manyan wasanni, har da tallafin da suke ba direban tseren mota Max Verstappen. Akwai kuma wani dalili da ya shafi tsarin talla kansa. Jumbo na ciniki ne a Holan da Beljiyam, kuma a can babu wanda bai san sunansa ba. Ƙungiyar kuwa ta zama ta duniya, albashin taurarinta na ta hawa. Kamfanin ya wayi gari yana biyan kuɗin talla a ƙasashen da ba shi da kanti ko ɗaya. Nasara a nan ta ƙara tsada ba tare da ta ƙara wa mai biya riba ba.

Ƙungiyar ta tsira saboda abokin haya na biyu, kamfanin manhajar kwamfuta na Visma daga Norwe, ya hau matsayi na farko, kamfanin Lease a Bike ya cike na biyu daga 2024. Duk da haka ta rasa Roglič, wanda ya koma Bora-Hansgrohe. A 2025 Rabobank ya dawo a matsayin ƙaramin mai tallafi, a shekarar da Simon Yates ya ci Giro, Vingegaard ya ci Vuelta.

4.4 Kwatance: waɗanda suka mutu da waɗanda suka rayu

Idan ƙwazo ne ke raya ƙungiya, da HTC-Highroad ba ta mutu ba. Ita ce magajiyar T-Mobile, wadda attajirin Amurka Bob Stapleton ya riƙe bayan 2007. Shekaru huɗu a jere tana cikin waɗanda suka fi kowa cin tsere, tana da tsarin gwajin ƙwaya na cikin gida, a 2011 kuma Mark Cavendish ya ci koriyar rigar gwanin maki a Tour de France. A watan Agusta na shekarar Stapleton ya sanar cewa bai sami mai maye gurbin HTC ba. Wata guda bayan haka Cavendish ya zama zakaran duniya a Kofanhegan, Tony Martin ya ci kambun tseren agogo, dukansu 'yan ƙungiyar da ta riga ta san ranar rufewarta. Haka Discovery Channel ta watse a 2007, shekarar da Alberto Contador ya ci mata Tour de France. Cannondale-Drapac ta sallami 'yan tserenta su nemi aiki a Agusta 2017, makonni kaɗan bayan Rigoberto Urán ya yi na biyu a Tour, saboda giɓin Dala miliyan 7. Ta kai ga neman gudummawar jama'a ta intanet kafin kamfanin ilimi na EF ya cece ta.

A ɗaya gefen akwai ƙungiyar Sky ta Birtaniya. Ta ci Tour de France sau shida tsakanin 2012 da 2018. Bayan Comcast ya sayi kamfanin Sky, aka sanar a Disamba 2018 cewa tallafi zai ƙare a ƙarshen 2019. Wa'adin shekara guda ya ishi shugabanta Dave Brailsford ya samo Jim Ratcliffe, mai kamfanin sinadarai na Ineos, wanda ya karɓi ƙungiyar a Mayu 2019.

Kwatancen ya nuna cewa wa'adi sharaɗi ne amma bai wadatar ba, domin Highroad da Discovery duk sun sami lokaci. Abin da Blanco da Sky suka fi su da shi shi ne gida: ƙasa mai arziki wadda jama'arta ke ganin ƙungiyar tasu ce, har wani kamfani ko attajiri na cikinta ya ga riba ko daraja a cetonta. Highroad na da rajistar Amurka, tushenta Jamus, 'yan tserenta daga ƙasashe da dama, don haka babu ƙasar da ta ji mutuwarta a jiki. Euskaltel-Euskadi ta yankin Bask kuwa tana da gida da magoya baya irin waɗanda ba a cika samu ba, amma matsin tattalin arzikin Sifen ya busar da tallafin hukumomin yankin, ta rufe a 2013 bayan yunƙurin direban tseren mota Fernando Alonso na sayen lasisinta ya ci tura. Babu ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa da ɗan tsere zai iya samarwa da ƙafarsa.

4.5 Wanda ke ɗaukar asarar

Idan ƙungiya ta rushe, tauraro ba ya kwana ba aiki. Ƙungiyar rukunin ƙoli na WorldTour na ɗaukar 'yan tsere har 30, kuma yawancinsu 'yan hidima ne, masu tare wa jagora iska, su ɗauko masa ruwa, su ba shi kekensu idan nasa ya lalace. Aikinsu ba ya kawo maki a jadawalin UCI, saboda haka idan kasuwa ta cika da masu neman aiki a watan Oktoba ko Nuwamba, su ake bari a baya. Bayansu akwai makanikai da masu tausa da direbobi da masu dafa abinci. Dokar UCI ta wajabta wa kowace ƙungiya ajiye lamunin banki da ya kai kimanin albashin wata uku, wanda ke rage raɗaɗi amma ba ya mayar da sana'a. Rushewar ƙungiyar B&B Hotels a Disamba 2022, lokacin da sauran ƙungiyoyi suka riga suka cike gurabensu, ta nuna munin janyewar da ba ta da wa'adi.

Asarar ta fi nauyi a kan ƙasashen da ƙofarsu ɗaya ce. MTN-Qhubeka ta Afirka ta Kudu, wadda Douglas Ryder ya kafa, ita ce ƙungiya mai rajistar Afirka ta farko da ta shiga Tour de France, a 2015. A wannan tsere Daniel Teklehaimanot na Eritiriya ya sa rigar gwanin hawan dutse, Steve Cummings kuma ya ci zango a ranar tunawa da Mandela, 18 ga Yuli. Sunanta ya koma Dimension Data, ya koma NTT, sannan Assos da NextHash, har UCI ta hana ta lasisi a Disamba 2021 saboda matsalar kuɗi. Idan ƙungiyar Beljiyam ta mutu, matashin Beljiyam na da wasu ƙofofin. Da wannan ta mutu, nahiya guda ta rasa wakilci a rukunin ƙoli. Gaskiya ne Biniam Girmay ya ci Gent-Wevelgem a 2022, ya ci zango uku da koriyar riga a Tour ta 2024, kuma Kigali ta karɓi gasar duniya a Satumba 2025, karo na farko a Afirka. Sai dai Girmay ya yi wannan ne a rigar Intermarché ta Beljiyam, ita ma kuma ta ƙare da haɗewa da Lotto bayan kakar 2025. Wannan hali bai dace da wasan da ke kiran kansa na duniya ba.

4.6 Yunƙurin gyara da abin da ya hana shi

Ƙungiyoyi sun daɗe suna neman kaso daga kuɗin talabijin. A 2014 guda 11 daga cikinsu suka kafa kamfanin Velon don su samar da kuɗin shiga na kansu, suka ƙirƙiro gasar Hammer a 2017, wadda ba ta wuce 2019 ba. Daga baya aka fito da shirin One Cycling, wanda Plugge na cikin masu tura shi, da fatan samun jarin Saudiyya. A Yuni 2025 UCI ta ƙi sa shi a jadawalin 2026.

Dalilin cin turar a fili yake. Duk wani tsari da babu Tour de France a cikinsa ba shi da abin sayarwa, domin kamfani na biyan hayar suna ne saboda makonni ukun nan na watan Yuli. ASO ya san haka, kuma ya nuna ƙarfinsa fiye da sau ɗaya: ya gudanar da Paris-Nice ta 2008 a wajen ikon UCI, ya kuma yi barazanar cire tserensa daga WorldTour a Disamba 2015 har aka sassauta gyare-gyaren da ya ƙi. Hujjar masu shirya tsere ita ce, in ban da 'yan kaɗan, yawancin tsere ba sa kawo riba, wasu ma biya suke a haska su, kuma ribar Tour ce ke ɗauke da ƙananan. Wannan hujja na da nauyi. Ko da an raba kuɗin talabijin tsakanin ƙungiyoyi 18, abin da kowace za ta samu ba zai maye gurbin babban mai ɗaukar nauyi ba. Amfaninsa shi ne ya zama kuɗin da ba ya tafiya idan kamfani ya tafi, wato ya sayi wa'adin da aka nuna muhimmancinsa a sama.

Akwai kuma tarko a neman ƙarin kuɗin talabijin. Darajar hayar suna ta dogara ne ga yawan idon da ke kallo kyauta. A Birtaniya, tashar ITV ta haska Tour de France kyauta a karo na ƙarshe a 2025, haƙƙin ya koma tashar biya. Mai shirya tsere zai iya samun ƙari daga irin wannan ciniki, amma kamfanin da sunansa ke kan riga ya rasa masu kallo, kuma ƙungiya ce za ta ji a jikinta ranar sabunta kwantiragi.

Tsarin hawa da sauka da aka fara aiki da shi a zagayen 2020 zuwa 2022, wanda ya saukar da Lotto Soudal da Israel-Premier Tech, ya ƙara armashin gasa, amma ya ƙara wa kamfani dalilin ɗari-ɗari, tunda ba a iya ba shi tabbacin shiga Tour bayan shekara uku.

4.7 Inda aka dosa

Kuɗi bai ƙare a wasan ba, hasali ma ƙaruwa yake yi. Abin da ya sauya shi ne irin masu kawo shi. Rukuni na farko gwamnatoci ne masu neman suna a idon duniya: Kazakistan ta hanyar Astana, sai Baharen da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa tun 2017, ƙungiyar Daular ce kuma Tadej Pogačar ya ci wa Tour de France a 2020 da 2021 da 2024 da 2025. Rukuni na biyu manyan kamfanonin duniya ne, kamar Lidl da ya shiga ƙungiyar Trek a 2023, da Decathlon, da Red Bull wanda ya sayi kashi 51 cikin 100 na kamfanin riƙon Bora-Hansgrohe a 2024. Sayen hannun jari ya fi hayar suna alheri ta fuska guda, domin wanda ya mallaki abu ba ya barinsa da sauƙin wanda ya yi haya. Amma dogaro da mutum ɗaya na nan daram. BMC ba ta daɗe ba bayan rasuwar mai ita Andy Rihs a 2018, kamfanin takalma na CCC da ya gaje ta ya janye a 2020 lokacin annobar korona, attajirin Rasha Oleg Tinkov kuma ya rufe tasa a 2016 yana kukan cewa tsarin kuɗin wasan ba ya gyaruwa.

Waɗanda ke cikin haɗari su ne ƙungiyoyin tsakiya, masu dogaro da bankin yanki ko kamfanin gini ko na inshora, irin waɗanda suka riƙe wasan a Faransa da Beljiyam da Sifen shekara da shekaru. Farashin zama a rukunin ƙoli ya wuce abin da irin waɗannan kamfanoni za su iya kare wa a gaban masu hannun jarinsu. Rufewar Arkéa-B&B Hotels ta yankin Biritani na Faransa a ƙarshen 2025, shekarar da Kévin Vauquelin ya yi mata na bakwai a Tour de France, misali ne na kusa. Italiya, mai Giro da tarihin gwanaye irin su Coppi da Bartali, ba ta da ƙungiya a WorldTour tun da lasisin Lampre ya koma hannun Daular Larabawa bayan 2016.

Bisa abin da aka nazarta, matakai biyu ne suka fi kusa da yiwuwa, domin ba sa buƙatar ASO ya saki abin da ke hannunsa. Na farko, UCI ta shigar da wa'adin janyewa cikin sharuɗɗan lasisi, ta yadda babban mai ɗaukar nauyi zai sanar aƙalla kaka guda kafin tafiya ko ya biya madadinta, wato a mayar da abin da Rabobank ya yi bisa raɗin kansa ya zama doka. Na biyu, a kafa diyyar reno mai ma'ana, wadda babbar ƙungiya za ta biya ƙaramar da ta tarbiyyantar da ɗan tsere idan ta ɗauke shi, domin ƙungiyoyin Eritiriya da Ruwanda da Kolombiya su sami abin sayarwa ban da riga. Batun ƙayyade kasafin kuɗi, wanda ake ta muhawara a kansa, zai fi wuya, saboda bambancin haraji da dokokin ƙwadago: ƙungiyar Faransa na ɗaukar ɗan tsere a matsayin ma'aikaci ta biya masa kuɗin fansho da inshora masu yawa, alhali wasu na biyan nasu a matsayin masu aikin kansu, don haka adadi ɗaya a takarda ba zai sayi ƙarfi ɗaya a kan titi ba.